Amsoshin Tambayoyinku: Mulkin Sarki Juan Carlos na Sifaniya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya rubuto yana neman tarihin mulkin Sarki Juan Carlos na Sifaniya, da dalilin da ya sa ya yi murabus.

To malam, an haifi Juan Carlos a birnin Rum a 1938, lokacin da danginsa ke zaman gudun hijira, domin kakansa Sarki Alfonso na 13 ya bar ƙasar tun 1931. Janar Francisco Franco, wanda ya riƙe Sifaniya da ƙarfin soja bayan yaƙin basasa, shi ya zaɓe shi magaji a 1969, yana sa ran zai bi sawunsa. Franco ya mutu ranar 20 ga Nuwamban 1975, bayan kwana 2 aka naɗa Juan Carlos, amma sai ya ba mutanen Franco mamaki: ya ɗora Adolfo Suárez a kujerar firaminista, aka halatta jam'iyyu har da ta 'yan kwaminis, aka yi zaɓe a 1977, sannan kundin tsarin mulkin 1978 ya mayar da iko hannun majalisa.

Ranar da ta fi ɗaga darajarsa ita ce 23 ga Fabrairun 1981, lokacin da Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa zauren majalisa riƙe da bindiga, tare da jami'an tsaro kusan 200, suka yi harbi sama, suka tsare 'yan majalisa. Har yau tabon harsasan yana nan a rufin zauren. Bayan ƙarfe 1 na dare sarki ya fito a talabijin sanye da kakin soja, ya bayyana cewa yana tare da tsarin mulki, kuma washegari masu yunƙurin juyin mulkin suka miƙa wuya.

Game da murabus kuwa, farin jininsa ya dushe ne a 2012, sa'ad da ya tafi farautar giwa a Botswana alhali rashin aikin yi ya addabi talakawansa. Ba don ya karye a ƙugu ba, da wataƙila labarin bai fito ba. Ya nemi afuwa, sai dai badaƙalar kuɗin surukinsa Iñaki Urdangarin ta ƙara dagula al'amura, har ya sauka a Yunin 2014, ɗansa Felipe na 6 ya gaje shi. A Agustan 2020 ya koma Abu Dhabi da zama ana tsakiyar binciken dukiyarsa, binciken da masu gabatar da ƙara suka rufe a 2022 ba tare da an gurfanar da shi ba.