Daga Maƙera zuwa Dundaye da ƙafa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, iyayenmu malamai, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana kan jami'a da ƙirƙira a garin nan na Sakkwato. Ni kuwa labarin wata tafiya zan ba ku, wadda na yi da ƙafa ni da ɗalibaina huɗu cikin hunturun da ya wuce, tun da aka sallame sallar asuba. Kun san dalilin zaɓen hunturu. Wanda ya ce zai taka daga cikin gari zuwa Dundaye, inda mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, to a tanadi mai ɗauko shi.

Daga Hubbaren Shehu muka tashi. Ina so yaran su tuna cewa garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 da karatu aka aza harsashinsa. Shehu Usmanu ya tare nan a 1815, Allah ya yi masa rasuwa a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa tana rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jaji, wato malama mai jagorantar mata, ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauyensu ta karantar da mata. Su ne 'yan taru. Ku riƙe min wannan, zan dawo kansa.

Muka gangara Maƙera Asada. Tun daga nesa ƙarar guduma kan uwar maƙera take tarbar mutum. Muka gaida wani dattijo yana gyara garma, na ce, "Baba, 'yan boko kan zo wurinku kuwa?" Ya ajiye awartaki ya ce, "Malam, suna zakkuwa. Su yi muna tambaya, su rubuta, su tafi. Ba mu sake ganin su." Maganar nan ta soke ni, don ni kaina na taɓa zuwa da takardar tambayoyi wurin masu sana'a, na sami digiri da amsoshinsu, ban koma na gaya musu abin da na gano ba.

A wurin majema mun daɗe. Jar akuyar Sakkwato, jama'a, fatarta ce ayari ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Na sa ɗaliba ɗaya mai karatun kimiyyar sinadarai ta tsaya ta kalli aikin daki-daki: a jiƙa fata da ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, in ana son ja a sa karan dafi. Bagaruwar nan tana ɗauke da sinadarin da ke kama naman fata ya hana ta ruɓewa. Abin da yarinyar ta haddace don jarrabawa, ga shi a cikin kwatarniya, a hannun mutumin da ya gaje shi kaka da kakanni. Ta ce min, "Malam, ashe darasinmu ne."

Harabar jami'a ta cikin gari da gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubuce, ba mu tsaya ba sosai, rana ta fara ɗagawa. Muka miƙe hanyar jami'a.

A nan ne ƙafa ta fi mota. Mai mota yana wuce fadamar Kwalkwalawa cikin ƙiftawar ido. Mai ƙafa zai ji ƙugin injin ban ruwa, ya ga shinkafa da albasa da tumatir, ya tsaya manomi ya gaya masa cewa kuɗin fetur ne ke cinye ribarsa. Zai ga tumatir yankakke an shanya a ƙasa ana kauɗa, ƙura na hawa, awaki na shawagi. Kuma zai tsaya kan gulbin Rima. Manyan cikinku sun tuna ambaliyar 2010, da ruwa ya yanke hanyar nan, jami'a ta koma tsallake, mutane na haurawa da kwalekwale. A shekarar kowa ya gane cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure jami'a da gari.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Jami'ar nan an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, a 1988 aka mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Babban ɗakin karatunta sunan Abdullahi Fodiyo yake ɗauke da shi. Amma inda nake son kai yaran shi ne Cibiyar Binciken Makamashi, wadda ke aiki kan hasken rana tun farkon shekarun 1980. Ranar da muke kuka da ita, a can dukiya ce. Sun yi aiki kan murhun girki da rana, da na'urar ɗumama ruwa, da murhu mai tsimin itace, da na'urar busar da amfanin gona.

Ta busarwar nan ba wani sihiri cikinta. Akwati ne da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, aka rufe da gilashi. Rana ta zafafa iskar ciki, iska mai zafi ta hau sama ta ratsa faifan da aka jera tumatir ko tattasai, ta kwashe danshi ta fice ta wata kafa, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Ba ƙura, ba ƙuda, ba akuya. To ku dubi yadda Allah ya jera mana abin a kan hanya ɗaya: mai zanen yana Dundaye, mai tumatir yana Kwalkwalawa, mai iya lanƙwasa ƙarfe yana Maƙera. Duka ukun mun gaisa da su a safiya guda. Abin da ya rage shi ne jaji, mai ɗaukar ilimi daga zaure ya kai shi inda ake bukata. A ganina wannan aikin naku ne, ƙannena, tun kuna aji uku, kafin ku kai ga rubuta kundin kammala digiri.

Bayan mako biyu na koma wurin dattijon nan da zane a hannu. Ya jujjuya takardar ya ce, "Wanga ai ba shi da wuya. Amma gilashi na da tsada, kuma yara za su fasa shi. In sa leda mai kauri?" Ni da na shekara ina koyar da darasin, ban taɓa tunanin yara ba. Yanzu haka yana ƙera mana guda biyu, ɗaya da gilashi ɗaya da leda, za mu kai su fadama mu gwada wanda ya fi.

Asabar mai zuwa za mu sake takawa in Allah ya yarda. Mai so ya same mu bakin Hubbare ƙarfe 6 na safe, ya zo da ruwan sha da takalmi mai daɗin tafiya. Shugaban zama, na ga hannuwa a baya, a ba su dama.