Amsoshin Tambayoyinku: Saurayin da Ke Rikiɗa Kyarkeci, da Littafin Koyon Tallar Littafi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu biyu kaɗai za mu ɗauka, duka a kan littafi, domin kowace sai da ta sa ni zaman karatu na kwanaki kafin in iya buɗe baki.

Ta farko daga Kaduna ta fito, daga wata ɗaliba mai koyon aikin jinya. Ta ce: "Ƙawata ce ta nuna mini wani littafin soyayya na Turanci a manhajar waya, wanda saurayin cikinsa yake rikiɗa ya zama kyarkeci. Na karanta babi talatin kyauta, daga nan aka ce sai na sayi sulallan manhajar kafin a buɗe mini na gaba. Yanzu ina babi na 140, labari bai ƙare ba. Don Allah daga ina irin wannan labari ya samo asali, kuma littafin ya cancanci in ci gaba da kashe masa kuɗi?"

To ƙanwata, mun gode da wasiƙa. Dabbar da ake magana a kanta ba ta ƙasarmu ba ce. Kyarkecinmu karen dawa ne mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, na Turai kuwa ya fi shi girma, furfura-furfura ne, a ƙasashen sanyi yake zaune. Masu fassara ne suka ara masa sunan namu. Mutumin da ke rikiɗa ya koma wannan dabba shi Turawan Ingila ke kira werewolf, kuma labarinsa ya tsufa ƙwarai. Tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubucin tarihin Girka Herodotus ya kawo jita-jitar wata ƙabila da ake kira Neuri, wadda aka ce mutanenta kan zama kyarketai na 'yan kwanaki a kowace shekara. Mawaƙin Rum, Ovid, ya ba da labarin sarki Lycaon da aka mayar kyarkeci saboda ya kawo wa baƙonsa naman mutum a akushi. Wato tun asali rikiɗar hukunci ce, la'ana ce, ba abin sha'awa ba. Har rai an rasa a kanta: a shekarar 1589, a garin Bedburg kusa da Kolon a Jamus, an kashe wani manomi mai suna Peter Stumpp bayan an azabtar da shi ya amsa cewa yana rikiɗa. Batun rikiɗa a daren farin wata da kashe mai rikiɗar da makamin azurfa kuwa, fina-finan Hollywood na shekarun 1940 ne suka dasa shi a zukatan mutane.

Akwai guda ɗaya a tsofaffin labaran da nake so ki riƙe. A ƙarshen ƙarni na 12 wata mawaƙiya, Marie de France, ta rubuta labarin wani basarake da ke ɓacewa kwana uku a kowane mako. Matarsa ta matsa masa har ya faɗa mata sirrinsa, cewa yana zama kyarkeci, kuma idan ya rasa tufafin da ya tuɓe ba zai iya komawa mutum ba. Sai ta sa aka sace tufafin. A nan dabbar ce mai amana, mutum ne maci amana. Wannan tambaya ta wane ne dabba, wane ne mutum, ita ce gishirin irin wannan labari, kuma mu ma ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya taso a gaban kakarsa ya ji labarin mutanen da ke rikiɗa kura da dare, ya kuma ji tatsuniyar budurwar nan da ta ƙi duk samarin gari, ta bi kyakkyawan baƙo marar tabo, sai a tsakiyar daji ta gane ba mutum ta aura ba.

Yanzu ga littafin naki. Na karanta shi har inda kika tsaya. Ba zan faɗi sunansa ba, don irinsa sun yi yawa har ba a ƙirga su, kuma ginshiƙinsu kusan ɗaya ne: marainiya da ake wulaƙantawa, shugaban garke da ake kira alfa, da ƙaddarar da ta ce ita ce abokiyar rayuwarsa ko tana so ko ba ta so. Marubuciyar tana da hannu, wannan ba zan hana ta ba. Akwai wurin da yarinyar ke wanke-wanke a bayan gida da asuba, hannayenta sun daskare don sanyi, ta ɗaga kai ta ga kyarkeci tsaye a bakin daji yana kallonta. Bai matso ba, ita ma ba ta gudu ba, ta ci gaba da cuɗa tukunya tana satar kallonsa. Shafi biyu ne kacal, babu kalmar so ko ɗaya a ciki, amma tsoro da shauƙi duk suna nan. Da littafin ya ci gaba a haka, da na ce ki sayar da ɗankunne ki ƙarasa shi.

Amma daga wajen babi na arba'in labari ya tsaya cak, sai kewaye. Su yi faɗa, su shirya, wata tsohuwar budurwa ta ɓullo, a sace yarinya, a ceto ta, a sake sace ta. Ba rashin basira ba ne ya jawo haka. Kasuwar ce: inda ake biyan kuɗi babi-babi, marubuci ya fi samun riba idan labari bai ƙare ba, kuma dole kowane babi ya tsaya a daidai wurin da zuciyarki za ta hana ki ajiye waya. Shi ya sa makullin nan ke fitowa a allo daidai lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Shi wannan alfa yana kulle ta a ɗaki, yana hana ta ganin ƙawayenta, yana daka mata tsawa har ta durƙusa, littafin kuma yana gaya miki wai halittarsa ce, haka shugaban kyarketai yake, kuma tsananin so ne. Ƙanwata, ko a wurin kyarketan ma ba haka abin yake ba. Wannan zance na alfa ya samo tushe ne daga binciken da Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947, wanda ya yi a kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, baƙin juna da aka kulle wuri guda, dole su yi ta faɗan neman girma. Masanin Amurka David Mech ya yaɗa kalmar a littafinsa na 1970. Daga baya shi da kansa ya shafe shekaru yana zuwa tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada yana lura da su a dawa, a 1999 ya rubuta cewa garken kyarkeci iyali ne kawai: uwa, uba da 'ya'yansu. Har roƙon masu ɗab'i ya yi su daina buga tsohon littafin nasa. Wanda ake kira alfan uba ne mai farauto abinci ya kawo wa ƙanana, ba azzalumi ba. Ke da za ki yi aiki a asibiti, za ki ga matan da aka kawo da rauni suna cewa ai kishi ne ya sa shi, so ne ya yi masa yawa. Ba na son littafi ya koya miki wannan karatun tun kafin ki je can.

Hukuncina shi ne ki tsaya a nan. A ƙa'idar kasuwar littattafan soyayya na Turawa dole labari ya ƙare masoya suna tare cikin farin ciki, don haka ƙarshen ba ɓoyayye ba ne. Idan nau'in ya kama ki, nemi wanda aka kammala, mai farashi ɗaya da kika sani tun farko.

Wasiƙa ta biyu daga Gusau take, daga wani malamin firamare. Ya ce ya rubuta littafin Hausa na farko, ya buga kwafi ɗari uku da kuɗin adashinsa, wata shida ke nan fiye da rabi na jibge a ƙarƙashin gado. Wani ya turo masa littafin Turanci mai koyar da marubuta yadda ake tallar littafi, shi ma ya turo mini, yana tambaya ko bin shawarwarin ciki zai fisshe shi.

Malam, Allah ya sa albarka a alƙalami. Na karanta, kuma littafin ba na yaudara ba ne, sai dai don marubucin Amurka aka rubuta shi. Kusan rabinsa a kan Amazon yake, kamfanin da ya buɗe wa marubuta ƙofar wallafa littafinsu da kansu a 2007. Abin da ya faɗa daidai ne a lokacin da aka rubuta shi: idan ka sa farashin littafin waya tsakanin dala 2.99 da 9.99 kana iya samun kashi 70 cikin ɗari, in ka fita daga nan kashi 35. Akwai kuma tsarin da za ka shiga na kwana 90, a riƙa biyanka gwargwadon shafukan da aka karanta, da sharaɗin ba za ka sayar da kwafin waya a ko'ina ba sai wurinsu. Ka lura da wannan sharaɗi, don yana nufin ko a WhatsApp ba ka da ikon sayarwa. Mai karanta littafinka kuwa tana Tudun Wada ko Talatar Mafara, kuɗinta ta banki ko wurin mai POS take turawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Duk da haka akwai babi biyu da na so a ce kowane marubucinmu ya karanta. Na farko yana cewa ka san wa kake rubuta wa kafin ka kashe ko sisi a talla. Na duba bayan littafinka da ka haɗo da hotonsa: godiya ce ga mutum goma sha ɗaya da tarihin makarantun da ka yi. Wanda ya ɗauka a shago ya juya bayansa bai ga labarin me ake bayarwa ba, sai ya ajiye. Layi biyar sun isa: wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. Ba sai ka sake bugu ba, ka buga wannan a ƙaramar takarda ka manna.

Babi na biyun yana cewa masu karatunka su kasance a hannunka, ba a hannun wani kamfani ba. Su Turawa adireshin imel suke tarawa, kai lambar waya za ka tara, da yardar masu ita. Mun ga amfanin wannan a gida. OkadaBooks, manhajar da aka kafa a Najeriya a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen 2023. Wanda ke da zauren masu karatunsa ya kwashe su ya koma wani wuri, wanda ba shi da shi ya fara daga tushe. Haka nan idan wata manhaja ta kawo maka yarjejeniya, kafin ka sa hannu ka nemi wurin da aka rubuta shekara nawa za su riƙe littafin, ko kana da damar buga shi a takarda, da wanda ke da haƙƙi idan aka so mayar da shi fim ko karatun murya. In Turancin ya yi kauri, kai wa lauya ko wani dattijo a reshen ƙungiyar marubuta ta ANA.

Wuri guda na saɓa da littafin. Yana ba da shawarar marubuci ya riƙa fitar da sabon littafi duk bayan 'yan watanni don kada a manta da shi. Wannan hanyar ce ke haifar da irin littafin da 'yar uwarmu ta Kaduna ta maƙale a ciki. Kai malamin makaranta ne, da aji a gabanka kullum, kada ka ɗora wa kanka wannan gudun.

Abin da littafin bai sani ba, mu mun sani: a ƙasar Hausa kunne ya riga ido sayen littafi. Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano, karatun littafi a gidajen rediyo da aron da mata ke yi wa juna su ne suka fi kowace talla aiki. Saboda haka ka ɗebi kwafi ashirin daga ƙarƙashin gadon nan. Ka kai wa mai karanta littafi a gidan rediyon garinku, ka kai wa malaman Hausa na sakandare da na kwalejin ilimi, ka ba wa mata biyu ko uku da ka san in littafi ya yi musu daɗi unguwa duka sai ta ji. Ka karanta babin farko da muryarka, minti biyar, ka tura a zauruka tare da farashi da shagon da ake samu. Cikakken littafin dai kada ka tura wa kowa a waya, ko amininka ne, domin in ya fita sau ɗaya ba ya dawowa. Kuma kada ka biya kowa kuɗi ya yabe ka. Amazon ma ta haramta sayen yabo, mai karatun Hausa kuwa da ta ji yabon ya yi zaƙi da yawa take gane na haya ne.

Ka aiko mana da kwafi ɗaya ta hannun direban mota, Malam, da layi biyar ɗin nan idan ka rubuta, mu karanta wa masu sauraro. Sauran wasiƙun da suka iso, har da ta mai tambaya a kan yadda ake samun lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.