Sharhi: Wuƙa, rufaffiyar fuska da rashin manya a finafinan tsoro na matasan Amurka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk ƙarshen watan Oktoba, idan bikin Halloween ya ƙarato, gidajen silima da tashoshin talabijin na Amurka kan cika da wani irin fim da suke kira slasher. Labarin kusan ɗaya ne kullum. Ga matasa 'yan sakandare ko 'yan jami'a, ga wani mutum da ya rufe fuskarsa riƙe da wuƙa ko adda, yana bin su ɗai-ɗai har sai an bar mutum guda, galibi yarinya. Mai kallo ya san haka tun kafin ya zauna, amma ya biya kuɗinsa ya shiga, baɗi ma ya dawo. Fiye da shekara 40 ke nan ana haka.

Fim ɗin da ya kafa wannan turba shi ne Halloween na John Carpenter, wanda ya fito a 1978. An yi shi da kimanin dala dubu 300, ya tara kusan dala miliyan 70 a faɗin duniya. Wanda ya zuba kuɗin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne Mustafa Akkad, haifaffen birnin Halab na Siriya, wanda ya shirya fim ɗin tarihin farkon Musulunci The Message a 1976, daga baya ya yi na gwagwarmayar Umar Mukhtar a Libiya. Da sauran kamfanoni suka ga wannan riba sai kowa ya ɗauki kyamara, domin aikin ba tsada: 'yan wasan da ba a sani ba, gida ɗaya ko daji ɗaya, sai jinin ƙarya. Friday the 13th ya biyo baya a 1980, A Nightmare on Elm Street na Wes Craven a 1984, tare da wasu barkatai da yau ba mai tuna sunansu.

Tun daga lokacin al'adun nau'in suka zauna daram. Makashin ba ya son bindiga, domin wuƙa tana tilasta masa ya matso kusa, kuma a matsowar nan tsoro yake. Ba ya gudu, tafiya yake a hankali, amma sai ya cim maka. Mota ba ta tashi, wayar gida a yanke take, 'yan sanda sai an gama ɓarna suke isowa. A wasu wurare kyamara kan zama idon makashin, kana jin numfashinsa, kana leƙen taga tare da shi. Kai da ke zaune ka ga abin da yarinyar ba ta gani ba, kana ce mata kada ta buɗe ƙofar nan, ita kuwa ba ta jinka. Daɗin kallon a nan yake, irin na yaron da ya san ƙarshen tatsuniyar Dodo sarai amma ya matsa wa kaka ta sake, saboda tsoro ne da ake ji ana zaune lafiya cikin 'yan'uwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a waɗannan finafinai shi ne tambayar da suke bari a zuciya: ina manya suke? A Halloween, 'yan matan raino suke yi wa maƙwabta da dare, iyaye duk sun fita. Likitan da ya san haɗarin makashin, Michael Myers, yana ta gargaɗi, amma kullum a makare yake, har aka kashe 'yar shugaban 'yan sandan garin. A Friday the 13th, tushen masifar yaro ne da ya nutse a tafki saboda waɗanda aka ba amanarsa sun shagala. A Elm Street abin ya fi muni. Iyayen unguwa ne suka taru suka ƙone Freddy Krueger, mai kashe yara, bayan kotu ta sake shi, sannan suka rufe maganar. Da ya dawo ta mafarki, kan 'ya'yansu ya dawo. Yarinyar labarin, Nancy, ubanta ɗan sanda ne amma bai yarda da ita ba. Uwarta ta san gaskiya, sai ta koma ga giya, ta sa aka kafa ƙarafa a tagogin gida, ƙarafan da suka hana 'yar tata fita a daren da ta fi bukatar fita.

Wannan bai zo haka kawai ba. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 mutuwar aure ta kai ƙololuwa a Amurka, kuma yara da yawa kan dawo daga makaranta su buɗe gida da makullinsu, ba kowa a ciki. Unguwannin da ake nunawa kuwa na masu rufin asiri ne, ga bishiyoyi ga tsabta, irin wuraren da iyaye suka ƙaura don tsere wa hatsarin birni. Matashin da ya ga haka a majigi ya gane titinsu, ya kuma gane kaɗaicinsa.

An yi ta jayayya kan matan da ake kashewa. A 1980 mashahuran masu sharhin finafinai na Shikago, Gene Siskel da Roger Ebert, sun ware shiri guda a talabijin suna sukar finafinan da cewa ƙiyayya ce ga mata. Ga kuma abin da kowa ya lura da shi: wadda ta keɓe da saurayi ko ta sha giya ita ce kan fara mutuwa, mai kamun kai ta tsira. Carpenter ya sha musanta cewa wa'azi yake yi. Ita kuwa Farfesa Carol Clover ta jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, a littafinta na 1992, ta jawo hankali ga yarinyar ƙarshe, ta nuna cewa samarin da suka cika silima da ita suke tsayawa, tsoronta suke ji, nasararta suke wa ihu. Ni a ganina, abin da ke tserar da yarinyar nan lura ce. A Halloween, ita ce ta hango mutum tsaye bayan shinge da rana tsaka, ta faɗa, ƙawayenta suka yi mata dariya.

Su Siskel ma suna da gaskiyarsu. Halloween na farko jini kaɗan ne a cikinsa, inuwa da jira da kiɗan fiyano ne suka yi aikin. Da yawa daga waɗanda suka biyo baya sun mayar da abin gasar ƙirga gawa, yaran ba su da hali ba su da tarihi, an kawo su ne kawai don a yanka. Irin waɗannan ba ni da abin da zan kare su da shi, kuma kasuwa ma ta gaji da su kafin 1990.

Scream ne ya farfaɗo da nau'in a 1996, da matasa waɗanda su kansu sun haddace dokokin suna karanta wa juna, sannan aka tarar makasan 'yan makarantarsu ne, ɗaya ma saurayin jarumar. A 2018 kuma, a wani sabon fim na Halloween, 'yar wasa Jamie Lee Curtis ta koma matsayin Laurie Strode, yarinyar da ta tsira a 1978, yanzu ta zama kaka. Shekara 40 ta yi tana shirin dawowar makashin, ta mayar da gidanta sansani, aurenta ya mutu, hukuma ta ƙwace mata 'ya tun tana shekara 12. A karon nan babba ce ke gargaɗi, 'yar cikinta ce ta ɗauke ta mai taɓin hankali. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 250.