Darasi: wace mota mai lalurar ƙafa zai saya ya tuƙa da kansa in kuɗin ba yawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasin yau na 'yan uwanmu ne masu buƙata ta musamman da suke son sayen mota su riƙa tuƙawa da kansu, wanda shan inna ta taɓa, da wanda aka yanke wa ƙafa bayan hatsari ko ciwon suga, da wanda ya samu matsalar laka yake kan keke. Kun san a 2020 aka ce Najeriya ta rabu da shan inna, alhamdulillah, amma yaran da ta taɓa a farkon shekarun 2000 a Kano da Jigawa da Katsina yanzu magidanta ne, wasu ma'aikata wasu 'yan kasuwa, kuma sun gaji da tsayuwa a bakin titi suna jiran mai adaidaitan da zai yarda ya ɗauke su da kekensu.

To bari mu fara da maganar kuɗi tunda ita ce mai zafi. In kana da halin sabuwa dal a leda, akwai ƙananan motoci irin su Suzuki da Kia da Hyundai, akwai Peugeot da ake haɗawa a Kaduna, akwai Innoson ta Nnewi. Amma mu faɗi gaskiya, tun da aka cire tallafin mai a 2023 dala ta tashi, yawancinmu in muka ce sabuwa to 'yar Beljiyam muke nufi wadda ba a taɓa sa wa lamba ba. Ko wacce ce dai, kar ka kwashe kuɗin hannunka kaf ka ba dila. Kai ba kamar sauran masu saye ba ne da za su biya su murza makulli su tafi, kai akwai gyaran da za a yi wa motar kafin ta zama taka, ga takardu ga koyon tuƙi, so ka ware wannan tun farko, abin da ya rage shi ne kuɗin motarka.

Giya kuwa ba sai mun ja ta ba, otomatik. Hannu ɗaya na sitiyari, ɗaya na birki da totur, ina na ukun da zai canja giya ya kuma taka kuloci? Sai dai ka tambaya da kyau, akwai ƙananan sababbin motoci masu araha da za a ce maka otomatik ne, eh feda biyu ce, amma a ciki giyabos ɗin manuwal ne kwamfuta ce take taka kulocin, wasunsu in ka tsaya a kan gada a gosulo ka saki birki sai sun ɗan zame baya kafin su kama. Ka sa a gwada maka ita a hawa kana ciki.

Yanzu wace ƙafar ce? In ta hagu ce kaɗai, Alhaji ka huta, otomatik ta ishe ka, ba abin da za a taɓa. In ta dama ce, akwai fedar totur da ake sawa ta hagun birki a rufe ta asalin, kar ka ce za ka riƙa miƙo ƙafar hagu tana tsallake birki ta je totur, ranar da yaro ya faɗo titi ƙafar ba za ta dawo da wuri ba. In duka biyun ne sai abin hannu. Wani ƙarfe ne mai mariƙi a gefen sitiyari, yawanci ta hagu, yana da sanduna da suka sauka har feda, ka tura gaba birki, ka jawo baya wuta. Kuma da dalili aka yi shi haka, in mota ta ci birki jikinka gaba yake tafiya, to nauyinka sai ya ƙara danna birkin. Duk wanda ya haɗa maka shi a juye ka ce ya kwance. Sannan a ɗaura maka ɗan dunƙulen nan a kan sitiyari da za ka riƙa juya shi da hannu ɗaya.

Yauwa, to ga inda nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne mutane suka fi yin asara. Motar da ta dace da kai ita ce wadda za ka iya shiga kai kaɗai, ka sa kekenka ko sandunanka kai kaɗai, ka fita kai kaɗai. In sai an ɗaga ka an sa, to gara ka ɗauki direba kawai. Saboda haka kar ka aiki ƙaninka ya gano maka ya turo hoto a WhatsApp, gani ya kori ji, ka je wurin dilan da keken da kake amfani da shi kullum, ka ce kowa ya matsa kar a taimake ka. Buɗe ƙofar har ƙarshe ka ga ko keken zai matso ya jingina da kujera. Duba tsayin kujerar da na keken, in sun yi kusan daidai sai dai ka dafa ka zame, in kujerar ta fi tsayi sosai kamar su Prado da Highlander to kullum da ƙarfin kafaɗa za ka riƙa hawa, kuma kafaɗar nan ita ce ƙafarka, in ta lalace an gama. In kuma ta yi ƙasa da yawa shiga ba wuya, fitowar ce aiki. Duba dokin ƙofar, wani faɗi gare shi, ga rata tsakaninka da kujera. Bayan ka zauna sai ka gwada ɗauko keken, masu wanda tayoyinsa suke cirewa sukan kwantar da kujera baya su cire taya ɗaya ɗaya su wuce da gangar jikin ta kan ƙirji zuwa kujerar mai zaman banza, to a nan za ka gane ko sitiyarin ya tare hanya ko rufin ya yi ƙasa. Ka yi ka sake yi, kar kunyar dila ta kama ka, shi la'adarsa yake jira kai kuwa shekaru za ka yi da abin.

Af, na tuna, keken nan namu mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, wanda ake ƙerawa a nan gida, ba ya naɗewa, ba but ɗin da zai shiga. In shi kake hawa to ka sa kuɗin mai naɗewa a lissafi. Haka masu cewa za su mayar da motar ta gas saboda tsadar fetur, tukunyar CNG a but ake ɗaure ta kuma tana cin wuri sosai, ka auna tukuna kafin ka tarar keke ba shi da masauki.

Ni in aka tambaye ni, a cikin 'yan Beljiyam na fi karkata ga Pontiac Vibe ko Toyota Matrix, ai kusan abu ɗaya ne, kujerar ba ta yi sama ba ba ta yi ƙasa ba, bayan yana buɗewa gaba ɗaya kujerun baya su kwanta, kuma kayan Corolla da yawa suna shigar mata, ko Ƙofar Ruwa ka je ko Panteka a Kaduna za ka samu. Corolla ma ba laifi. Sienna tana da ƙofar zugewa mai daɗin saka keke, ga wurin iyali, sai dai tana shan mai, kuma ga wani abu da mutane ba sa lura, birkin fakin yawancinsu da ƙafar hagu ake taka shi, haka Highlander da yawa. Kai da ba ƙafa ya za ka yi? Ka nemi mai hambirki na hannu ko na maɓalli.

Wata baiwar Allah ta tambaya, wai ɗan uwanta a Ingila zai turo mata wadda an riga an sa mata komai. Hajiya ki dakatar da shi. Motar Ingila da ta Japan sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama, sitiyarinmu a hagu, kuma doka ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. In aka ce za a juya shi, to duk wancan gyaran da aka yi a can ya tashi a banza. In turowa za a yi, daga Amurka ko Kanada ko Jamus.

Sai wanda zai ɗaura miki ko maka abin hannun. Araha ba ta ado fa. Na sha ganin wanda aka yi da rodin gini a wurin mai walda, an ɗiga wuta nan da can an shafa baƙin fenti, wannan birki ne jama'a, ranka ne da na mutanen titi. A sayi na kamfani, a samu bakaniken da ya taɓa ɗaurawa ka ga aikinsa a motar wani, notuna su zama masu kulle kansu, kar ya gogi gwiwarka, kuma fedojin su ci gaba da aiki yadda matarka ko bakanike za su iya tuƙawa da ƙafa. Wasu sababbin motoci suna da jakar iska ta gwiwa daidai inda ƙarfen zai bi, a duba. In kuma a leda ka saya, ka sa kamfanin su rubuta maka cewa gyaran bai taɓa garanti ba kafin a huda ko'ina. Akwai na wucin gadi da ake maƙalawa a feda a cire, na motar haya ne ko aro, ban so shi a motar kullum.

Masu matsalar laka, AC a wurinku ba gayu ba ne, jikin wasunku ba ya daidaita zafi yadda ya kamata, ga watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafi yana haura 40. Kuma kujerar fata in ta sha rana tana ƙona mutum bai ji ba, ku ɗauki ta yadi. Mai hannu ɗaya shi kuma ya gwada laushin sitiyari yana tsaye a wuri ɗaya, ya ga ko zai kai ga sigina da waifa ba tare da ya saki ba.

Takardu. Akwai rukunin lasin na masu nakasa, shi ne J, ta hannun Road Safety da VIO ake bi kamar kowa, kuma dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 tana bayanka in wani ya ce ba a ba irinku. Kafin nan ka ga likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi, irin na asibitin Dala a Kano, su auna ƙarfin hannunka. Inshora mafi ƙaranci ta koma naira 15,000 tun farkon 2023, kuma ka gaya musu an yi wa motar gyara ya shiga takarda.

Ranar da aka gama ɗaurawa kar ka ce sai Kantin Kwari. Ko da can kai direba ne kafin lalurar, ƙwaƙwalwarka ƙafa za ta nema in abu ya taso. Ka samu fili da sassafe da wani a gefe, ka yi ta tashi kana tsayawa, ribas, kwana, birkin gaggawa, har sai hannun ya daina tunani. Kuma ka ja kunnen yaran wankin mota da na gareji, kar wanda ya kama ƙarfen nan injin yana kunne, don su ba su san jawowa wuta ba ce.