Yadda ake tantance ƙwarin Lycidae masu fukafukin raga

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai, zancenmu na yau kan dangin ƙwari ne da masana ke kira Lycidae, waɗanda aka bayyana nau'insu sama da 4,000, galibi a dazuzzukan ƙasashe masu zafi. Kafin komai, ku cire launi daga lissafi. Ruwan lemo da baƙi da kuke gani a jikinsu gargaɗi ne ga tsuntsaye, domin suna da ɗaci da wari, kuma in ka matsa su sai wani ruwa ya tsatso daga gaɓoɓin ƙafa. To, nau'o'i daban-daban da ke daji ɗaya sukan koma kama ɗaya, har wasu ƙwarin da ba danginsu ba, kamar Cerambycidae (ƙwari masu dogon ƙaho) da wasu malam-buɗe-littafi na dare, sun ari rigar. Wanda ya jera su bisa launi ya haɗa waɗanda ba dangi ba a akwati ɗaya.

Da me za ka fara? Da fukafukin sama. Laushi gare shi, ba tauri irin na buzuzu ba. Akwai jijiyoyi da suka miƙe daga kafaɗa zuwa ƙarshe, yawanci manya huɗu, ga ƙanana da suka gitta su, shi ne ya ba da zanen raga. Ƙirga manyan, sannan ka duba ko layin ramuka ɗaya ne ko biyu a tsakaninsu. Daga nan sai garkuwar da ke bayan kai. Ƙananan tudu sun raba ta ɗaki-ɗaki, kuma a ƙabilar Metriorrhynchini ɗakunan kan kai bakwai. Ƙahon ji gaɓa 11 ne, mai haƙora kamar zarto, a wasu mazan kuma kowace gaɓa ta yi reshe. In kana shakka ko maƙesu ka kama, juya shi: a Lycidae tushen ƙafafun tsakiya a rabe suke, ba kuma gaɓar haske a ciki.

Jinsin Lycus, wanda masanin ƙwari Fabricius ya raɗa wa suna a 1787, shi aka fi cin karo da shi a Afirka, har da nan yammacinta, kan furanni da damina. Baki gare shi dogo na shan ruwan fure. Namiji fukafukinsa ya baje kamar faifai, macen kuwa siririya, wanda bai sani ba sai ya ba su suna biyu. Na Asiya ma sun fi rikitarwa. Macen Platerodrilus ba ta barin siffar tsutsa har ta mutu, ta kuma ninka namijin girma sau da yawa. Sai a 1925 wani masani, Eric Mjöberg, ya bayyana cewa su biyun abu ɗaya ne, bayan ya same su suna barbara a Borneo.

Hukuncin ƙarshe dai yana ga al'aurar namiji. A yanke ƙarshen ciki da hantsaki mai tsini, a jiƙa a ruwan KOH (sinadarin potassium hydroxide) kashi 10 cikin ɗari har tsoka ta narke, a ɗauraye, a duba a gilisarin ƙarƙashin maikroskof. Kada ka bar shi ya kwana a ruwa mai zafi, zai yi fari fat, sassan da kake nema su ɓace. A adana shi a ƙaramar kwalba, a soke ta a allura ɗaya da ƙwaron.

Wani ya tambaya batun busarwa. Jikin nan mai laushi yana yamutsewa in ya bushe da gaggawa, fukafukin ya nannaɗe, don haka a shimfiɗa shi tun yana ɗanye. Wanda za a yi wa gwajin DNA kuwa, etanol kashi 96, a canja shi bayan kwana ɗaya saboda ruwan jikin ƙwaron yana tsarma shi, sai firiza a -20°C. Gutsuren DNA da ake kira COI ake karantawa, haruffa 658. Takardar wuri da kwanan wata a rubuta ta da fensir, don tawadar biro wankewa take a etanol.