Sharhi: Garin Lisse, Inda Arzikin Manomi Yake Ƙarƙashin Ƙasa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Holan, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Lisse, wanda yake tsakanin biranen Leiden da Haarlem, ba nisa da gaɓar teku. Mazaunansa kimanin 23,000 ne, kuma a mafi yawan watannin shekara gari ne na manoma da ƙananan 'yan kasuwa, inda yara ke tafiya makaranta a kan kekuna, tarakta kuma ke bin siraran hanyoyin da suka ratsa tsakanin gonaki da magudanan ruwa.

Amma da zarar hunturu ya ja da baya a ƙarshen watan Maris, yini ya fara tsawo, itatuwan da suka kaɗe ganye suka soma toho, sai garin ya sauya kama. Gonakin da ke kewaye da shi sukan rufe da furanni, kunya bayan kunya, wannan ja, wancan rawaya, na gaba fari, har iyakar ganin ido. Furen dafodil ne yake fara buɗewa, sai furen hayasin ya biyo baya da ƙamshin da mai wucewa a kan keke yake shaƙa tun daga bakin titi, sannan tulip ya zo a watan Afrilu, shi ne kuma wanda duniya take tururuwar zuwa gani.

Cibiyar wannan tururuwa ita ce lambun Keukenhof, wanda aka fara buɗe wa jama'a a shekarar 1950. Faɗinsa hekta 32 ne, kuma kowace shekara ma'aikata kusan 40 suke dasa dunƙulen furanni miliyan 7, masu kama da albasa, a cikinsa da hannu, tun daga watan Oktoba, suna durƙushe cikin sanyi. Makonni takwas kacal lambun yake buɗe, amma a cikinsu yakan karɓi baƙi fiye da miliyan ɗaya. A wata Asabar ta watan Afrilu kuma, jerin gwanon motocin da 'yan sa-kai suka lulluɓe da furanni yakan ratsa garin, a tafiyarsa ta kimanin kilomita 40 daga Noordwijk zuwa Haarlem.

Abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne, furen da suke ɗaukar hotonsa a gonaki ba shi ne amfanin gonar ba. Tulip yana fitowa ne daga wani dunƙule mai kama da albasa, kuma wannan dunƙulen manomi yake nomawa domin sayarwa. Saboda haka, a daidai lokacin da gona ta fi kyau, sai manomi ya shigo da inji ya fille kawunan furannin, ya bar kara da ganye tsaye, domin duk ƙarfin shukar ya koma ƙasa dunƙulen ya yi ƙiba. Manomin albasa a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, don ya san albasar da ta yi fure ba ta cika yin kai mai kyau ba. Sai a watannin Yuni da Yuli ake tono, a shanya, a ɓare, a tantance manya da ƙanana, aikin da matasan yankin suka daɗe suna samun kuɗin kashewa da shi a lokacin hutun makaranta, kuma a yau ma'aikata daga ƙasashe irin su Poland suke ɗaukar kaso mai yawa nasa.

Ba banza ba wannan sana'a ta kafu a nan. Ƙasar yankin rairayi ce mai sinadarin alli, wadda ta samu bayan an baje tsofaffin tuddan yashi na bayan teku, ruwa ba ya kwanciya a cikinta, abin da dunƙulen tulip yake so ke nan. Shi kansa tulip ɗin baƙo ne a Holan, asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya, ya iso Turai ta hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuma masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden a shekarar 1593. Tsofaffin ƙasar ma suna da wata tunawa mai ɗaci game da shi, domin a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, mutane sun dafa waɗannan dunƙulen sun ci don su rayu.

A nan ne, masu sauraro, muke ganin akwai gyara. Baƙo yakan tsallaka cikin gonar mutum don neman hoton da zai sa a Instagram, ya tattake shuka, wani lokaci ma ya kwaso cutar tsirrai a takalminsa daga wata gona zuwa wata. Shi a ganinsa fure ɗaya ko biyu ya taka, alhali kuwa jarin shekara guda ya taka. Wannan ne ya sa manoma suke kafa alluna da shinge suna roƙon a tsaya a bakin gona, kuma roƙonsu yana kan gaskiya. Mazauna garin su ma suna haƙuri da cunkoson manyan motocin baƙi da ke toshe hanyar zuwa aiki da kasuwa, ko da yake sun san amfanin baƙin, musamman bayan shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana buɗe Keukenhof, furanni suka buɗe suka bushe babu mai kallo, masu otal da masu ba da hayar keke suka ji a jikinsu.

A tsakiyar watan Mayu ake rufe ƙofar lambun, motocin baƙi su ɗauke ƙafa. Daga nan ma'aikata su shiga tone dunƙulen da suka gama aikinsu, masu tsara fasalin lambun kuma su ci gaba da zanen inda kowane launi zai zauna baɗi, kafin dashen watan Oktoba.