La Jument: Babu Aikin Gadi a Hasumiyar Nan, Kuma Mutumin Bai Mutu Ba

Wannan hoton na wani mutum tsaye a ƙofar hasumiya a tsakiyar teku, ƙatuwar igiyar ruwa na shirin rufe ta, ya zaga WhatsApp, ya zaga Facebook. Wasu su ce ana neman mai gadin hasumiyar, albashi miliyoyin daloli a shekara, wai a Iceland. Wasu kuma su ce mutumin da ke tsaye a ƙofa ruwa ya cinye shi bayan ɗaukar hoton. Duk ba haka ba ne.

Da farko dai, Faransa ce. Sunan hasumiyar La Jument, tana kan wani dutse a cikin tekun Atlantika, gab da tsibirin Ouessant a yankin Bretagne. Aikinta haska wa jiragen ruwa hanya da dare, don wajen cike yake da duwatsun da ruwa ya rufe. A 1896 jirgin Drummond Castle ya nutse a nan kusa, mutane fiye da 240 suka rasu.

To, mu koma kan hoton, don nan ne ake rikicewa.

Ranar 21 ga Disamba 1989 aka ɗauke shi. Mai ɗaukar hoto Jean Guichard ne ya shiga jirgi mai saukar ungulu, ya je tsakiyar guguwa da gangan. Mai kula da fitilar, Théodore Malgorn, yana ciki. Sai ya ji ƙarar jirgi. Kai ma in kai ne, teku na dukan ɗakinka ka ji jirgi a sama, ai sai ka leƙa. Ya sauko, ya buɗe ƙofa.

Yanzu ku tsayar da idonku a nan. Ku dubi inda igiyar ruwan ta fito: ta bayan ginin. Shi kuwa yana gaba, hasumiyar ta kare shi, shi ya sa kuke ganinsa tsaye kamar wanda ya fito shan iska. Bai ga abin da mai hoto ke gani daga sama ba. Ruwan ya daki bayan ginin, ya rabu biyu, ya nannaɗo ta dama da hagu. Kafin ya iso bakin ƙofa, Malgorn ya farga, ya koma ciki ya rufe. Guichard hotuna da yawa ya ɗauka a jere, amma guda ɗaya ake ta turawa, wanda ya fi tsinka zuciya. Mutumin ya rayu, ya ci gaba da aikinsa.

Maganar albashi kuwa gajeriya ce. Tun 1991 aka mayar da fitilar mai kunna kanta, masu kula da ita suka tattara kayansu suka sauka. Yau ba mai kwana a ciki. Wanda duk ya ce ka biya kuɗin fom, ɗan damfara ne. Ko a wancan zamanin ma, ma'aikatan gwamnati ne masu ɗan albashinsu, kuma su da kansu suke kiran irin waɗannan hasumiyoyi na tsakiyar teku jahannama. In za a canji mutum, jirgi ba ya iya matsowa jikin dutsen, da igiya ake jan shi sama yana lilo.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki ginin ne. Wani attajiri, Charles-Eugène Potron, ya bar wasiyyar faran 400,000 (kuɗin Faransa na wancan lokacin), da sharaɗin a gama cikin shekara bakwai ko kuɗin ya tafi wani wuri. Aka fara a 1904. Dutsen kuwa sai teku ya janye yake fitowa, ga shi sai an samu ranar da ruwa ya kwanta. A shekarar farko, awa 52 kacal magina suka samu suka yi aiki.

Aka kunna fitilar a Oktoba 1911, jan haske mai walƙawa sau uku duk daƙiƙa 15, a kan gini mai tsayin kusan mita 47. Sai dai gaggawa ta bar baya da ƙura: gindin bai yi ƙwari ba, in teku ya yi fushi ginin har girgiza yake. Aka yi shekaru ana ƙara masa kauri, a 1934 kuma aka huda dutsen aka ɗaure hasumiyar da manyan wayoyin ƙarfe.